Filin Jirgin Tamale da Bashin Hayaƙi: Abin da Ake Hangowa Daga Gurugu

A ƙarshen watan Maris, da misalin ƙarfe biyu na rana, babu mai tsayawa a bakin titin Gurugu sai wanda ya zama masa dole. Masu gyaran babur sun ja kayansu ƙarƙashin darbejiya. Direbobin keke mai ƙafa uku, wanda a Tamale ake kira yalo-yalo, sun jeru a inuwa suna fifita da kwali. Ruwan leda da aka ciro daga sanyi yakan yi ɗumi kafin mai sha ya kai rabinsa. A bakin famfo kuwa jarkoki ne rawaya, waɗanda 'yan Ghana suka laƙaba wa sunan galan ɗin Kufuor, an jera su tun asuba, kowace da tsumma ko igiyar da mai ita ya ɗaura don ya gane tasa, ana jiran ruwa ya iso daga Dalun. Ma'aunin zafi yana taɓa digiri 40. Azumin 2024 da na 2025 duk a irin wannan wata suka faɗo, kuma duk wanda ya yi su a nan ba ya bukatar malamin kimiyya ya yi masa bayanin ɗumamar yanayi.

A irin wannan lokaci ne wani sa'in za ka hango jirgi ya ɓullo daga kudu yana sassauta gudu, ya nufi arewa. Yara su ɗaga kai, manya su ci gaba da abin da suke yi. Daga Accra yake, zai sauka a filin jirgin Tamale da ke gefen hanyar Bolgatanga, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga Gurugu idan hanya ta yi kyau. Mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan inuwa ba su taɓa taka matakalar jirgi ba. Amma iskar da injinsa ke fitarwa, da ta dubban jirage irinsa a faɗin duniya, tana cikin abin da ke ƙara wa rufin kwanon ɗakunansu zafi.

Gurugu unguwa ce a ƙaramar hukumar Sagnarigu, maƙwabciyar Jisonayili da Choggu, ƙasar Dagomba ce da gari ya cim mata. Inda dattawa suka san gonakin masara da gyaɗa, yau bulo ne da fuloti. Garin Tamale yana miƙewa ta arewa, wajen filin jirgi, kuma duk inda ya miƙa ƙafa sai itatuwa sun ragu.

Hanyar Makka ta gajarta

Kafin a yi maganar hayaƙi, adalci ne a faɗi abin da filin nan yake nufi ga mutanen arewacin Ghana. Asalinsa na soja ne: a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulkin mallaka suka samar da wurin saukar jirage a Tamale, kuma har yau rundunar sojan sama tana da sansani a jikin filin da ake amfani da shi. An yi masa gyara gabanin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka ta 2008, wadda Tamale ta karɓi wasu wasanninta. Daga baya aka tsawaita titin saukar jirage ya haura kilomita 3, yadda manyan jirage za su iya sauka. A watan Agustan 2016 jirgi ƙirar Boeing 747 ya ɗebi maniyyata kimanin 500 daga Tamale kai tsaye zuwa Madina, karo na farko a tarihi, a zamanin Shugaba John Dramani Mahama. A watan Agustan 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya buɗe sabon ginin fasinjoji da aka kashe wa dala miliyan 70, wanda zai iya ɗaukar mutum 400,000 a shekara, tare da wani zauren da alhazai ke amfani da shi. Kuɗin bashi ne da aka samo ta hannun hukumar UK Export Finance ta Birtaniya da bankin KfW IPEX na Jamus. A 2024 gwamnati ta sanar da sanya wa filin sunan marigayi Tolon Naa Yakubu Tali.

Wanda ya san tarihin Hausawan wannan yanki ya san nauyin wannan abu. Kakanninmu fatake sun yi ta sintiri tsakanin Kano da Salaga da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi, suna komawa da goron Gwanja. Mai niyyar Hajji a wancan zamani yakan raba gadonsa kafin ya tashi, ya bi ta Kano da Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, ya shafe shekaru kafin ya ga Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har gobe. Ko bayan zuwan jirgi, sai maniyyacin arewa ya sha tafiyar fiye da kilomita 600 a mota zuwa Accra, ya yi kwanaki a sansanin alhazai yana jiran kira.

Na taɓa raka gwaggona filin Tamale a shekarar da ta sauke farali. Tana riƙe da jakarta a ƙirji kamar za a ƙwace, ga butar roba sabuwa a ɗaya hannun. Da aka kira rukuninsu sai ta juyo ta ce, “Ɗana, yau na karya kumallo a ɗakina, gobe in yi asuba a Madina. Wannan ai ikon Allah ne.” Na ce, “Allah ya karɓa, Gwaggo, a sa mu a addu'a.” Duk wanda zai zo ya ce wa irin wannan tsohuwa ta ji kunyar hawa jirgi saboda sauyin yanayi, ni ba na tare da shi. Tafiya ɗaya ce a rayuwarta, kuma da kuɗin man kaɗen da ta shekara da shekaru tana tarawa.

Duk da haka lissafi lissafi ne, kuma ya kamata mu iya yin sa da kanmu. Kowane kilo ɗaya na man jirgi da aka ƙona yana haifar da kilo 3.16 na iskar kabon, domin sinadarin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa ya ƙara nauyi. Daga Tamale zuwa Madina kimanin kilomita 4,600 ne, tafiyar wajen sa'a shida. Babban jirgi irin 747 yana shan abin da ya kai tan 10 na mai a sa'a guda. Ke nan tafiya ɗaya tana sakin kusan tan 200 na kabon. A raba wa mutum 500, a haɗa zuwa da dawowa, kowane alhaji ya tashi da abin da ya doshi kilo 800. Matsakaicin abin da ɗan Ghana ke fitarwa a shekara cur daga ƙona mai da gas bai kai tan ɗaya ba. Na Ba'amurke ya haura tan 13. Waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe su ne zuciyar maganar. Zirga-zirgar jiragen sama tana da alhakin kusan kashi 2.5 cikin 100 na kabon ɗin duniya, rabon Afirka kuwa a cikin fasinjojin duniya bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba.

Wa ke da wane hayaƙi

Idan aka ce hayaƙin filin jirgi, masana sukan kasa shi uku. Kashi na farko shi ne wanda filin ke ƙonawa da hannunsa: dizal ɗin janareta, motocin kashe gobara, motocin da ke jan kaya. Na biyu shi ne wutar lantarkin da yake saya, wadda ke kunna fitilun titin jirgi, da na'urorin binciken kaya, da uwa uba na'urorin sanyaya gini. A Tamale wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sanyaya gini mai faɗin murabba'in mita 5,000 a watan Maris aiki ne mai cin wuta, kuma wutar da kamfanin NEDCo ke rabawa a arewa daga babban layin ƙasa take zuwa, inda fiye da rabinta ake samarwa ta hanyar ƙona gas da mai a tashoshin Tema da Aboadze, saura kuma daga madatsun Akosombo da Kpong da Bui. Kashi na uku shi ne na wasu: jiragen da ke sauka da tashi, da motocin da ke kawo fasinja. Wannan na ukun ya ninka sauran biyun nesa ba kusa ba a kusan kowane filin jirgi na duniya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Filin jirgi yana iya samun takardar yabo cewa ya daidaita hayaƙinsa, alhali kashi na farko da na biyu kawai aka daidaita, jiragen da ke tashi daga cikinsa na ci gaba da ƙona mai kamar jiya. Tsarin tantancewar da ƙungiyar filayen jiragen sama ta duniya, ACI, ke tafiyarwa ya faro ne a Turai a 2009, ya iso Afirka a 2013. Mataki-mataki ne. Na farko ka auna abin da kake fitarwa, wani daga waje ya tabbatar. Na biyu ka nuna ka rage. Na uku ka jawo kamfanonin jirage da sauran masu aiki a filin cikin lissafin. Daga nan sai matakin da ake cewa an daidaita, inda abin da ya rage ake biyan diyyarsa da sayen takardun kabon daga wani aikin dashen itace ko makamancinsa. Filin jirgin Félix Houphouët-Boigny na Abidjan, a maƙwabciyarmu Kwaddibuwa, shi ne na farko a Afirka da ya kai wannan mataki, a 2017.

Alkawuran da ke saman filin Tamale, kamar sauran filayen da kamfanin Ghana Airports Company Limited ke kula da su, suna da yawa. A Oktoban 2021 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta yi alkawarin kai hayaƙinta sifiri a lissafi nan da 2050. A Oktoban 2022, a taron hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, karo na 41 a Montreal, ƙasashen duniya suka amince da wannan buri. Ghana tana cikin ƙasashen da suka shiga tsarin CORSIA da raɗin kansu tun matakin gwaji da ya fara a 2021, tsarin da ke sa kamfanonin jirage biyan diyyar ƙarin hayaƙinsu. Sai dai CORSIA tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa kawai ya shafa. Jiragen Africa World Airlines da PassionAir da ke kai da kawowa tsakanin Accra da Tamale, wato ainihin abincin filin na yau da kullum, suna cikin lissafin gida ne. A wannan lissafi Ghana ta yi alkawari a 2021, ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, cewa za ta rage tan miliyan 64 nan da 2030, sannan a Satumban 2023 ta ƙaddamar da shirin kai ɓangaren makamashinta sifiri nan da 2060.

Shekarar 2050 da ta 2060 sun yi wa manomin Sagnarigu nisa. Shi nasa lissafin na bana ne. A Yuli da Agustan 2024 ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina na makonni, masara ta bushe a tsaye tana shirin fitar da goyo, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙetare a ƙarshen Agusta. A wasu shekarun kuma matsalar yawan ruwa ce: a buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta ya cika ya shanye gonakin da ke bakinsa. Damina ɗaya tak arewa take da ita. In ta kuskure, shekarar ta tafi.

Shi kansa filin bai tsira ba. A hunturu hazo yakan rufe sararin Tamale har a jinkirta ko a soke sauka. Zafi kuma yana sa iska ta yi shara-shara, fukafukin jirgi su rasa abin dogara, sai ya bukaci doguwar tsere kafin ya ɗaga ko kuma a rage masa kaya. A Yunin 2017 an soke tashin jirage da dama a birnin Phoenix na Amurka saboda zafi ya doshi digiri 48. Garin da ya saba ganin 40 bai kamata ya ɗauki wannan labari a matsayin na nesa ba.

Ranar da muke kuka da ita

Abin da Tamale take da shi a wadace, wanda Landan da Frankfurt ba su da irinsa, shi ne rana. A Agustan 2015 filin jirgin Cochin na jihar Kerala a Indiya ya zama na farko a duniya da ya dogara kacokan ga hasken rana, da tashar megawat 12 da aka shimfiɗa a filin da ke gefensa, kuma daga baya har kayan lambu suka riƙa nomawa a tsakanin farantan. A 2016 filin George na Afirka ta Kudu ya kafa tasa. A Mombasa ta Kenya da Douala ta Kamaru, wani shirin ICAO da Tarayyar Turai ya kafa sola da ke ba jirgi wuta da sanyi yayin da yake tsaye a ƙofa. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama cikin jirgi kafin tashi ya ji wani ƙugi daga wutsiya: ƙaramin inji ne ke ƙona man jirgi don kawai fitilu da sanyi su yi aiki. In akwai wuta daga ƙasa, sai a kashe shi.

Arewacin Ghana ba baƙon sola ba ne. Hukumar VRA mai samar da wutar lantarki ta kafa tashar megawat 2.5 a Navrongo tun 2013, ta ƙara da ta Lawra da ta Kaleo, sannan a Bui akwai farantai a tudu da kuma masu iyo a kan ruwan madatsa. Akwai matasan da suka koyi haɗa sola a Jami'ar Fasaha ta Tamale da Jami'ar UDS, wasunsu a nan Gurugu suke haya. Filin jirgin yana da rufi, yana da wurin ajiye motoci da ke bukatar inuwa, yana da fili a cikin shinge wanda ba za a taɓa gina gida a kai ba. Kuma lokacin da ginin ya fi bukatar sanyi shi ne daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Wahalar da za a sha ita ce ƙurar hunturu, wadda ke lulluɓe farantai ta rage musu ƙarfi, ga ruwan wankewa yana da tsada a garin da ake layin jarka. Wannan matsala ce ta gaske, sai an tanadi tafkin tara ruwan sama daga rufin ginin da ma'aikatan share farantai. Aikin yi ne kuma ga 'ya'yan unguwannin da ke kewaye.

A ganina wannan ne lokacin. Tun ran gini ran zane. Filin da ke karɓar jirage ƙalilan a yini ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya riga ya cika ya batse, kuma burin da hukumomi ke ta ambata shi ne Tamale ta zama mashigar kayan gona zuwa ƙasashen Sahel da Turai. Ɗakunan sanyi na adana mangwaro da kayan lambu wuta suke ci dare da rana. Gara a san daga ina wutar za ta fito kafin a aza tubalinsu.

Akwai kuma abin da nake tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Babban abin da masana'antar jiragen sama ta dogara da shi don cika alkawarin 2050 shi ne man jirgi da ake sarrafawa daga tsirrai da tsohon man girki da shara. A 2024 irin wannan mai bai kai kashi 1 cikin 100 na man da jirage suka sha ba, kuma ya ninka na gargajiya tsada. In za a yawaita shi, ƙasar noma za a nema, in kuma za a biya diyyar kabon, dazuzzuka za a nema. Arewacin Ghana ya taɓa ganin wannan. Wajen 2007 da 2008 wani kamfani mai asali da Norway, BioFuel Africa, ya karɓi ƙasa mai yawa don noman bini-da-zugu a Alipe ta ƙasar Gwanja da Kpachaa ta wajen Yendi. A Alipe an tuge itatuwa, ciki har da kaɗanya, kafin jama'a su tashi tsaye. Cikin 'yan shekaru aikin ya durƙushe. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane matsayin kaɗanya ba. Da sassafe a farkon damina mata ke fita da kwanuka su tsinto 'ya'yan da suka zubo, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a zauna a gaban babbar roba ana bugun ƙullun da hannu har sai farin mai ya taso sama. Daga nan kuɗin makaranta ke fitowa, da na asibiti, da na kujerar Makka irin ta gwaggona. Itacen nan kuma yana riƙe da kabon a jikinsa da saiwarsa ba tare da an biya kowa ba. Yau gatari biyu ke bin sa: na mai gawayi da na mai yanka fuloti. A 2022 aka ƙaddamar a Tamale da wani shiri na farfaɗo da dazuzzukan kaɗanya, da tallafin asusun yanayi na Green Climate Fund, wanda Hukumar Gandun Daji ke jagoranta. Idan filin jirgin Tamale zai biya diyyar hayaƙin da ya gagara ragewa, to a nan kusa ya dace kuɗin su sauka, a hannun ƙungiyoyin matan Sagnarigu da Savelugu da Kumbungu, ƙasar kuma ta ci gaba da zama tasu. Kuma a riƙa ƙirga itacen da ya rayu bayan rani uku, domin kowa a arewa ya ga dashen da aka yi da biki a watan Yuni ya zama abincin awaki kafin Janairu.

A Fabrairun 2024 dokar harajin hayaƙi ta fara aiki a Ghana, inda aka yanka wa babur da keke mai ƙafa uku sidi 75 a shekara. A garin da babur ne jakin kowa, har da mata masu goyo, maganar ta yi zafi, kuma an soke harajin a 2025. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, an iya sa wa hayaƙin ɗan babur farashi. Saboda haka ba abu ne mai wuya ba a auna na babban gini da janaretocinsa da jiragen da ke sauka a gabansa.

Kirana ga kamfanin kula da filayen jiragen sama, da Hukumar Kare Muhalli ta EPA, da 'yan majalisar da ke wakiltar Sagnarigu da Savelugu shi ne: a riƙa fitar da lissafin filin Tamale shi kaɗai duk shekara, litar dizal nawa, wuta nawa, man jirgi nawa, an ragu ko an ƙaru. A manna shi a zauren fasinjoji, a karanta shi a gidajen rediyon Tamale da Dagbanci da Hausa. A sa ranar da za a ga sola a rufin zauren alhazai. Ku kuma malamai da limaman Gurugu da ke yi wa maniyyata bita kafin tafiya, ku ƙara musu da abu ɗaya: kowane alhaji ya dasa itace kafin ya hau jirgi, ya damƙa wa wani a gida amanar ba shi ruwa har ya dawo.